Wasan Gyaran Jiya

Maigidana ya yi ritaya daga aikin gwamnati da lafiyarsa, da haƙoransa, da kuma halinsa. Na ƙarshen ne ya zame mana aiki.

Muƙaminsa mataimakin darakta ne a Sashen Bita da Daidaitawa, shi ya sa har yau duk layinmu Mataimaki ake ce masa. In ba ku san aikin sashen ba bari in gaya muku, don ni na sha labarinsa a teburin cin abinci har na haddace. A farkon shekara ma'aikata takan tsara cewa za ta gina gadoji goma. A ƙarshen shekara sai a duba a ga uku aka gina, ɗaya ma ruwa ya tafi da ita. Nan aikin maigidana yake farawa. Sai ya koma kan tsarin farkon shekara ya gyara shi, ya zama dama gadoji biyu aka yi niyya. Da haka sai ma'aikata ta cika alkawari ɗari bisa ɗari, a yi taro, a tafa, a ba darakta lambar yabo. Shi bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙarya ba. Cewa yake yi, "Abin da ya faru ba ya kuskure. Wanda ya ce zai faru ne ya yi gaggawa."

Da ya dawo gida zama, babu gadar da zai daidaita, sai ya juyo kanmu. In na ce, "Baban yara, kai ka bar famfo a buɗe," sai ya ce dama ya yi niyyar a wanke baranda. In ya manta bai sayo gas ba, dama ya lura mun fiye cin dafaffen abu a gidan nan. Firjin da ya hana a saya, ya yi ta masifa a kansa, yanzu duk baƙon da ya sha ruwan sanyi sai ya ji irin faman da Mataimaki ya yi da ni kafin in yarda a sayo shi. Na san hali zanen dutse ne, amma ban taɓa zaton dutsen zai dawo ya zauna mini a falo daga safe har yamma ba.

Sai wasan ya zo, kuma a farko rahama na ɗauke shi. Wata rana ya dawo daga wajen kafinta da falankin katako a hammata. Ya shimfiɗa shi a kan teburin falo, ya ɗauko tsohuwar rularsa ta ofis, ya zana gidaje layi-layi. Ya tara marafan kwalba, jajaye da farare. Daga nan ya shiga ɗakina ya ɗauke gwangwanin maɓallaina, wanda na daɗe ina tarawa, ko sallama bai yi wa gwangwanin ba. Ya yi kwanaki bai daidaita kowa ba, ni kuwa na sha iska.

Ga yadda abin yake. Mutum biyu ne suke yi, kowa da marafansa. Babu ɗan ludo, babu kati, babu sa'a, sai tunani. Duk marfin da ya matsa gaba, sai a ajiye maɓalli a gidan da ya bari. Wannan maɓallin shi ne jiyansa. In aka matsa maka lamba, kana iya fasa tafiya gaba, ka mayar da marfinka kan ɗaya daga cikin maɓallansa ka sake hanya, duk abin da ya same shi bayan nan ya goge, har cin da aka yi masa. Shi kuma abokin wasanka yana iya bin sawunka ya cinye maɓallin. In ya cinye, marfinka ya fita daga allo ko da yana can gaba yana fankama, don wanda ba shi da jiya ba shi da yau. Maɓalli ɗaya ne ba a taɓawa, na gidan farko, wanda ya kira asali. Wanda ya ƙarar da marafan ɗan'uwansa shi ya ci.

Ya raɗa masa suna Tsarin Sake Fasalin Lokaci Mai Mazauna Biyu. Ni na ce masa Da-na-sani, kuma nawa sunan ne ya bi shi.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, wasan yana da kyau. Ko ni da nake leƙe daga ƙofar kicin nakan tsaya da ludayi a hannu. Matsalarsa ɗaya ce: ƙa'idojin ba a rubuce suke ba, a kan Mataimaki suke. Kuma kan nasa kamar aljihun tsohuwar riga, duk lokacin da ya shiga uku sai ya laluba ya fito da wani abu. Da zarar an takura shi, sai ya gyara tabarau ya ce, "Af, na manta ban yi maka bayanin sakin layi na gaba ba." Ban taɓa ganin sakin layin da ya fito ya taimaki wani ba shi ba.

Mai kemis na bakin layi ne ya fara zama da shi. Ya zo sau kaɗan, daga nan shagonsa ya cika da ciniki irin wanda ba a ganin masu saye. Sai tsohon hedimasta, wanda shi ma ba ya son a fi shi, suka yi musu a kan ko marfi yana iya komawa jiya sau biyu a jere, har ya daina amsa mana gaisuwa. Sai surukinmu, mijin babbar 'yarmu, bawan Allah mai kunya. Ya zauna ya sha kashi cikin ladabi yana cewa, "Gaskiya ne, Baba," daga baya muka ji wai an fara ba shi aikin ƙarshen mako. Ni kuwa tun farko na faɗa masa kada ya ma soma. Na ce na daɗe ina buga wannan wasan da shi ba allo, kuma ban taɓa ci ba.

Saura mutum ɗaya, ƙanensa. Likitan haƙori ne, kansa ya yi furfura, yana da jikoki, amma a bakin yayansa Auta ne har gobe. Ni Likita nake ce masa, shi kuma ya ce mini Matar Yaya. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma aiki ya warwatsa su, duk ranar Asabar da rana sai ya rufe asibitinsa ya taho. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ya jera su, ya gaishe ni, ya zauna a kujerar da take kallon taga, in kawo musu shayi da biskit.

A nan hankalina yake. Na san in Likita ya daina zuwa, maigidana ba shi da kowa. Abokan ofis sun watse tun ranar da aka karɓi makullin ofishinsa, maƙwabta ya kore su da sakin layi, 'ya'yansa suna gaishe shi a waya a gurguje. Mutum ne mai ban haushi, amma nawa ne, kuma ina tsoron ranar da zan gan shi a falo shi kaɗai da katako. Ban da haka, in kujerar nan ta zama babu kowa, na san wanda za a ce ya zauna.

Shi ya sa nake lallaɓa Likita kamar ƙwai. Wata Asabar ya biyo ni kicin da kofuna, na ce masa, "Likita, tsakaninka da Allah, ba ka ganin abin da yake yi maka?"

Ya yi murmushi yana ɗauraye kofi. "Ina gani mana, Matar Yaya."

"To me ya sa kake bari?"

"Ni duk mako mutane nake sa wa ƙarfe a baki, suna kallona kamar na kashe musu uwa. In na zo nan, mutum ɗaya ne yake murnar ganina. In kuɗin shiga shi ne in sha kashi, ai da araha."

"Amma ka iya wasan?"

"Na ɗan iya," in ji shi, ya ajiye kofin a kife.

Haka muka yi ta tafiya, kowa yana samun abin da ya zo nema. Mataimaki ya ci, Likita ya sha shayi, ni in yi barcin rana.

Abin ya lalace ne wata Asabar da ba ta da wata alama. Suna cikin wasa, ina gefe ina ninke wanki. Maigidana yana da al'adar surutu in yana kan gaba, kuma ranar sai hira ta kai su kan Inna, mahaifiyarsu, wadda ta daɗe da rasuwa. Ni na san yadda aka yi, don ina nan. Ta yi jinya mai tsawo a asibiti. Likita ne ya rufe wajen aikinsa ya tare a gefen gadonta, shi yake juya ta, shi yake ba ta ruwa da cokali. Ranar da ta cika, maigidana yana wani gari wajen taron bita, sai a waya aka gaya masa.

Sai na ji yana cewa, yana matsar da jan marfi, "Allah ya ji ƙan Inna. Ba na manta ranar. Ina riƙe da hannunta, ta dube ni ta ce, 'Ka kula da Auta.' Shi ya sa ka ga ba na gajiya da kai."

Hannuna ya tsaya a kan zanin gadon da nake ninkewa. Likita ya ajiye kofinsa a hankali.

"Yaya, ai kana wajen taro."

"Wane taro?"

"Taron bita. Ni na kira ka. Har ka ce in jira a fito hutun shayi."

Maigidana ya gyara tabarau. "Auta, kai lokacin hankalinka a tashe yake, ba za ka riƙe komai daidai ba. Ni babba ne, a tsari ni ya kamata in kasance a wurin, kuma ina wurin. An daɗe da daidaita wannan maganar."

Na buɗe baki zan yi magana, Likita ya ɗan girgiza mini kai. Bai ɗaga murya ba. Ya cire agogonsa ya ajiye a gefe, ya naɗe hannun riga kamar zai cire wa wani turmin haƙori, ya ja kujera kusa da tebur. "To, Yaya," ya ce. "Bugunka ne."

Ranar na san abin da "na ɗan iya" take nufi. Ashe duk Asabar ɗin nan da yake shan kashi, karatu yake yi. Ya bar marafan yayansa suka ruga gaba suna taƙama, shi kuma ya zagaya ta baya yana tsince musu maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Kafin shayi ya huce, jajayen marafai biyu sun koma gwangwani.

"Af," in ji maigidana. "Na manta ban gaya maka ba. Wanda aka ci masa biyu a jere yana da damar komawa jiya sau biyu."

"To, Yaya."

Ya koma sau biyu, ya dawo da marafansa, ya sake hanya. Likita ya tare sabuwar hanyar kamar dama can yake jira.

"Akwai kuma batun shekaru. Wanda ya girmi abokin wasansa, jiyansa ta fi tsawo, saboda haka maɓallinsa ba ya ciwuwa sai an zagaye shi ta gefe biyu."

"To, Yaya."

Ya zagaye shi ta gefe biyu.

Na ajiye wankin gaba ɗaya. Gumi ya fara tsattsafo wa maigidana a goshi. Ya fito da ƙa'idar hutun rabin lokaci, ya shiga banɗaki ya daɗe, ya dawo da ƙa'idar kwamitin bincike, wadda ta ce duk bugun da ya ba da mamaki za a dakatar da shi sai an duba. Da Likita ya tambayi su waye 'yan kwamitin, sai ya ce a halin yanzu shi ne shugaba kuma shi ne sakatare. Kwamiti ya zauna, ya soke bugu biyu. Likita ya ce to, ya sake wasu biyun da suka fi na farko ciwo. Ni dai ban san lokacin da dariya ta kusa ƙwace mini ba, sai na mayar da ita tari.

Daga ƙarshe jan marfi ɗaya ya rage a kan allo, a can lungu, fararen sun kewaye shi, kuma babu maɓallin da zai koma. Tura ta kai bango. A raina na ce, Baban yara, ka ce ya ci mana, sau ɗaya dai, ba mutuwa za ka yi ba.

Ya daɗe yana kallon allon. Sai ya ɗauki jan marfin nan, ya tsallake allon gaba ɗaya da shi, ya dire shi a kan maɓallin farko na Likita, ya ɗauke maɓallin.

"Yaya, wannan asali ne. Kai ka ce ba a taɓa shi."

"A tsohon tsari ke nan. An yi bita." Ya fara kwashe fararen marafan yana zubawa a gwangwani, muryarsa ta dawo irin ta taro. "In aka cinye asali, duk abin da ya biyo baya ya faɗi. Babu bugun da ka yi. A ƙa'ida ma ba ka taɓa shiga wasan ba."

"Ban taɓa shiga ba."

"A ƙa'ida."

"Wato duk zuwan da nake yi, ban zo ba."

"Kai, Auta, kada ka mayar da abin wasa magana. Ni bayanin tsari nake yi maka."

Likita ya ɗaura agogonsa. Ya tattara kofunan ya kai mini kicin kamar kullum, ya ɗauraye nasa. Ya ce, "Matar Yaya, na gode da shayi." Ya sa takalmansa a bakin ƙofa, ya yi wa yayansa sallama yadda ya saba, har da ɗan rusunawa. Da ya yi faɗa da na fi samun natsuwa.

Da ƙofa ta rufe na juyo kan maigidana. Ban rage masa komai ba. Na ce ya ji kunya, na ce mutumin da ya rage masa a duniya ke nan ya kora saboda marfin kwalba. Ya ce ni mace ce mai ɗaukar abu da zafi, Auta yaro ne, zai huce, Asabar zan gan shi.

Asabar ta zo, na dafa shayi. Likita bai zo ba. Maigidana ya ce dama ya ba shi hutu, don ya lura yaron yana gajiya. Wata Asabar ɗin ta sake zuwa. Ya ce dama ya yi niyyar rage yawan zama, saboda bayansa. Duk da haka tun kafin azahar yake jera marafai, ya zauna yana kallon ƙofa ta saman tabarau, in ya ji ƙarar mota a layi sai ya gyara zama.

Na matsa masa ya kira shi. Ya kira, ina tsaye a kansa. Na zaci haƙuri zai ba shi. Abin da na ji shi ne, "Auta, game da abin da kake zaton ya faru rannan, na duba, akwai rashin fahimta a ɓangarenka. A zahiri canjaras aka yi, kuma ni na fara ba ka shawarar ka tafi gida ka huta." Ya yi shiru yana saurare, sai ya sauke wayar. Na ce me ya ce? Ya ce, "Ya ce to, Yaya." Har yana jin daɗi, wai an rufe fayil.

Daga nan ya koma lallashina. Ya ce wasan yana buɗe ƙwaƙwalwa, yana maganin mantuwa, kuma zai yi mini rangwamen ƙa'ida uku. Na ce ko rangwamen duka zai yi ba zan zauna ba. Ba don ƙeta na ƙi ba. Na san ranar da na zauna a kujerar nan, ya sami madadi, ba zai sake neman ƙanensa ba, kuma nan da shekara zai gaya wa baƙi cewa dama shi bai taɓa yin ƙane mai son wasa ba.

Sai ya fara bugawa shi kaɗai. Ya yi bugun ja, ya tashi ya zagaya tebur, ya zauna a kujerar taga ya yi bugun fari, ya dawo. A farko ja ne yake ci kullum, kuma yakan leƙo kicin ya sanar da ni sakamako. Har musu yake yi da kujerar, ya yi mata bayanin sakin layi. Kujera kuwa ba ta taɓa gardama ba, amma ba ta cewa "To, Yaya," kuma na lura wannan yana damunsa. Sanarwar ta fara raguwa. Abincinsa ma ya ragu. Rigunansa suka fara yi masa yawa a kafaɗa. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina da nake jin tausayin.

Wata Asabar da rana ina goge tagar falo, na lura ya daɗe a kujerar Likita fiye da tasa. In ya zo bugun fari sai ya yi tagumi, ya yi tunani na gaske, har ya naɗe hannun riga. In ya koma ja sai ya buga da sauri. Na ga fararen sun zagaya ta baya suna tsince maɓallai. Na ga ja ya shiga lungu. Ya zauna a kujerarsa, hannunsa ya tashi zuwa tabarau, bakinsa ya buɗe zai ce "Af." Sai ya rufe bakin. Ya tashi ya zagaya, ya ɗauki farin marfi, ya cinye jan na ƙarshe.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki kira Auta ki gaya masa ya ci."

"Kai ba ka da baki?"

"Sakamako ba ya fitowa daga bakin wanda abin ya shafa. Haka tsari yake."

Na shiga ɗaki na kira. Likita ya ɗauka, muka gaisa, ya tambayi ƙafata da take ciwo, na tambayi jikoki. Sannan na ce, "Yayanka ya ce in gaya maka an buga yau, kuma ka ci. Babu sakin layi ko ɗaya, ni shaida ce."

Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Wa ya buga mini, Matar Yaya?"

"Shi."

"To ai shi ya ci."

Na ce, "Likita, ya rame fa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Ban yar da shi ba. Ni wasan nan ko sau dubu ya cinye ni, ko a jikina. Amma ranar da Inna ta cika ita kaɗai ce abin da nake da shi wanda ba shi ya fara samu ba. Rigunansa na gada, littattafansa na gada, har sunana bai bar ni na yi amfani da shi ba. Wannan ɗaya ce tawa, ni na sha wuyarta. Ba zan zo in zauna ana shan shayi ana karɓe ta ba."

Na fito falo. Maigidana ya riga ya sake jera marafai, ya ɗauko kofi na biyu da kansa ya ajiye a gefen taga.

"Me ya ce?"

Na yi tunanin in ce yana gaishe shi, in tsaya a nan. Sai na ga in na yi haka mun zama biyu a gidan. Na ce, "Ya ce tunda kai ka buga masa, kai ka ci."

Wallahi sai da fuskarsa ta fara washewa. Kunnensa bai saba jin "kai ka ci" ya bar shi haka ba. Murnar ta taho har rabin hanya, sannan ta tsaya, ta koma.

Na ce, "Ba wasan ne ya hana shi zuwa ba, Baban yara, kuma ka sani. Inna ce."

Ya zauna. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Na jira in ji an yi bita, ko an daidaita, ko rashin fahimta a ɓangaren wani. Fuskarsa ba tabarau sai ta zama ta tsoho kawai.

"An kira ni ina kan gabatar da rahoto," ya ce a hankali. "Na ga sunan Auta a waya. Na san abin da zai faɗa. Na ɗauka na ce ya jira hutun shayi, bari in gama shafin."

Tun da na aure shi ban taɓa jin ya faɗi abu ya bar shi yadda yake ba, kuma na ji tsoron in na yi motsi zai gyara.

Can ya mayar da tabarau, ya miƙe, ya shiga ɗaki. Ya fito da takalman fitarsa a hannu, ya zauna a bakin kujera yana sawa, yatsunsa suna ɓata igiyar. Ya kai ƙofa, ya kama mariƙi, sai ya tsaya. Ya juyo yana dubana kamar yaron da aka aika ya manta saƙo.

"Wace mota ake hawa zuwa gidansa?"

Likita ya fi shekara goma a gidan da yake ciki. Na ɗauko mayafina da jakata, na ce ya matsa in kulle ƙofa.